Wazifa da Wa'azi: Yadda Tijjaniyya da Izala Suka Haɗu a Ƙasar Tasawa

Wanda ya taso daga Kona ya nufi Tasawa, ko ya zarce har Mayahi, da wuya ya ratsa gari mai kasuwa bai ji amo iri biyu ba bayan faɗuwar rana. A wani masallaci an shimfiɗa farin ƙyalle, mutane sun kewaye shi suna hailala da murya ɗaya. A wani masallacin kuma, wanda sau da yawa bai fi jifa ba daga na farko, lasifika ce ke tashi, malami yana jawo aya da hadisi yana fassarawa da Hausa. Alƙiblarsu ɗaya, azuminsu ɗaya, sau da yawa ma kakansu ɗaya. Duk da haka an yi zamanin da ɗa ya ƙi bin uban da ya haife shi salla, aka yi zamanin da aka mayar da naman suna gidan da ya fito saboda wanda ya yanka ragon.

Abin da aka saba faɗi shi ne ɗariƙa ita ce tsohuwar hanyar da aka gada, Izala kuwa baƙuwa ce da ta zo jiya. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba sai da gyara. A wannan yanki dukkansu biyun baƙi ne na ƙarni na 20, hanya ɗaya suka biyo daga kudu, kuma irin mutane ɗaya suka ɗauko su.

Kafin zuwansu ƙasar tana da nata yanayin. Da birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunan Haɓe suka yo arewa, daga bisani suka kafa gadon sarautarsu a Maraɗi, ƙasar Tasawa kuma tana cikin abin da ya rage a hannunsu. Kusan ƙarni guda suka yi suna kai hari cikin daular Sakkwato ana kawo musu. Sarakunan Musulmi ne, suna da limamai da alƙalai, amma a gefensu akwai gidajen Anna masu tsafin gado, akwai Iya da ke shugabantar ƴan bori a fadar Maraɗi. Malamin da talaka ya sani shi ne na zaure: ya koyar da allo, ya karantar da Ahalari da Ishmawi da Risala, ya raɗa suna, ya ɗaura aure, ya sallaci gawa, ya ba da rubutun sha da laya. Mazhabarsa Malikiyya, kuma idan ya tsaya salla sakin hannu yake yi. Wannan malami shi ne ɗan gida na ainihi, kuma shi ne wanda guguwa biyu suka kaɗa, ɗaya bayan ɗaya.

Tijjaniyya ta samo asali ne daga Shehu Ahmadu Tijjani, wanda aka haifa a Ainu Madi ta ƙasar Aljeriya a 1737, ya rasu a birnin Fas na Maroko a 1815. Mabiyansa sun yi imani cewa ya karɓi wuridinsa daga Annabi (S.A.W.) a farke, ba cikin barci ba, kuma a kan wannan imani duk ginin ya tsaya. Wanda ya shiga ɗariƙar yana karɓar izini daga hannun muƙaddami, ya ɗauki alkawarin ba zai haɗa ta da wata ɗariƙa ba, kuma ba zai bar ta ba har mutuwa. Safe da yamma yana jan lazimi shi kaɗai: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Sau ɗaya a yini ana haɗuwa a yi wazifa, inda ake karanta istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, sannan Jauharatul Kamali 12. Ran Juma'a bayan la'asar ana zikiri har rana ta faɗi. Aiki ne mai ƙa'ida da lissafi, wanda fatake da manoma za su iya riƙewa ba tare da sun bar sana'arsu ba.

Ɗariƙar ta iso ƙasar Hausa tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, lokacin da Shehu Umaru Futi ya zauna Sakkwato a shekarun 1830 a kan hanyarsa ta dawowa daga hajji. Amma ta daɗe tana hannun malamai da wasu gidajen sarauta. Wanda ya fito da ita kasuwa shi ne Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha a ƙasar Sanagal. A 1929 ya bayyana cewa faila, wato ambaliyar sanin Allah da Tijjanawa ke jira, ta sauka a hannunsa. A 1937 ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a wajen aikin hajji, daga tsakiyar shekarun 1940 kuma ya riƙa ziyartar Kano, inda malaman Salgawa irin su Shehu Abubakar Atiku da Shehu Tijjani Usman suka miƙa masa wuya. Abin da ya kawo mai girgiza mutane shi ne tarbiya. Da, ma'arifa rabon tsofaffi ne da suka ƙare rayuwarsu cikin halwa da littattafai. Yanzu sai ga saurayi ɗan tireda, ko ɗan kamashon gyaɗa, ana ce masa idan ya miƙa kansa ga shehi ya bi zikirin da aka tsara masa, cikin kwanaki ko makonni zai iya ɗanɗanar abin da waliyyai suka ɗanɗana.

Ya kamata mai karatu ya tsaya a nan kaɗan, domin nan ne abin da aka fi mantawa yake. Ƴan wazifa na shekarun 1950 su ne fitinannun yaran zamaninsu a idon dattawa. Sun ware nasu zawiyoyi. Sun ɗaga murya da zikiri cikin dare. Sun kama hannu a ƙirji cikin salla, abin da ake kira ƙabalu, alhali iyayensu sadalu suka gada, har Shehu Inyas ya rubuta littafi don kare wannan aiki da hujjar hadisi. A lardin Sakkwato, inda Ƙadiriyya ke da gindin zama, an yi rigingimu a 1949 da 1956 da 1965, an rushe masallatai, an zubar da jini. A wannan gefen iyaka kuwa Faransawa sun sa musu ido ƙwarai, don suna zargin duk abin da ya fito daga Kano ta Ingilishi. Hakan bai hana ta yaɗuwa ba. Motocin da ke jigilar gyaɗa da atamfa tsakanin Maraɗi da Tasawa da Katsina da Kano su ne suka ɗauko ƙasidu da hotunan Shehu. A yammacin Nijar, Shehu Abubakar Hashim na Kiyota, almajirin Inyas kuma surukinsa, ya mai da garinsa cibiyar da dubban mutane ke zuwa mauludi kowace shekara, kuma haka abin ya ci gaba bayan rasuwarsa a 2004.

Shekara 30 bayan haka sai reshe ya juye da mujiya. Waɗancan samari sun zama dattawa masu masallatai da almajirai, sai ga wasu samarin sun taso musu da kalmar da aka taɓa jifansu da ita, wato bidi'a.

Mafarin wannan guguwa ta biyu shi ne Malam Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya riƙe muƙamin babban alƙalin alƙalai na Arewacin Najeriya daga 1962 zuwa 1967. Ƙarfinsa bai zo daga zawiya ba, daga akwatin rediyo ya zo. Tafsirin da yake yi a masallacin Sarkin Musulmi Bello na Kaduna gidan rediyon Kaduna yana watsa shi, kuma muryar wannan tasha ba ta san iyakar da Turawa suka shata ba. Ana jin ta a Kona kamar yadda ake jin ta a Funtuwa. A 1972 ya fitar da littafinsa Al-Aƙidatus Sahiha, inda ya soki ɗariƙu kai tsaye, a ƙarshen shekarun 1970 kuma ya fitar da fassarar Alƙur'ani da Hausa. A 1978 almajirinsa Malam Isma'ila Idris, tsohon limamin soja, ya kafa Jama'atu Izalatil Bidi'a wa Iƙamatis Sunna a garin Jos. Wani abin lura a gefe: Inyas da Gumi, waɗanda mabiyansu suka shafe shekaru suna ja-in-ja, dukkansu a birnin Landan ajali ya riske su, na farko a 1975, na biyu a 1992.

Maraɗi ce ƙofar da Izala ta shigo Nijar a farkon shekarun 1980, ta hannun malamai irin su Malam Sha'aibu Ladan, tare da goyon bayan wasu daga cikin alhazan birnin da suka yi arziki da fataucin Najeriya. Zamanin ya taimaka mata. Farin 1973 da 1974, sannan yunwar 1984 da mutane suka laƙaba wa suna El-Buhari saboda rufe iyakar da aka yi a lokacin, sun kora samarin ƙauye cin rani zuwa Kano da Kaduna da Jos da Ikko. Suka dawo da rediyo da kaset, da wando ɗangalalle, da tambayoyin da malamin zaure bai saba jin irinsu ba. Gwamnatin Seyni Kunce, wadda ta kafa ƙungiyar addinin Musulunci guda ɗaya tilo a 1974 don ta riƙe linzamin wa'azi, ba ta sake musu fuska ba. Sai bayan babban taron ƙasa na 1991 aka buɗe ƙofar kafa ƙungiyoyi, Izala ta samu rajista da sunan ADINI-Islam, masallatanta da makarantunta suka fara tsirowa daga birni zuwa garuruwan kasuwa, daga nan zuwa ƙauyuka.

To, a ina ne ainihin saɓanin yake? Ba a kan rukunan Musulunci ba ne, kuma ba a kan son Annabi ba, ko da yake kowane ɓangare ya sha zargin ɗayan da gazawa a nan. Tushen maganar ita ce hanyar da sani ke bi ya iso ga bawa. A wurin Batijjane, ilimi na gaskiya daga ƙirji yake zuwa ƙirji. Littafi yana da muhimmanci, kuma manyan shehunan faila malaman fiƙihu da lugga ne na ji da gani, amma akwai abin da takarda ba ta ɗauka, sai an zauna gaban wanda ya samu daga wanda ya samu, silsila ba yankewa har zuwa ga Shehu Tijjani. Saboda haka albarka tana bin mutum, tana bin hannunsa da addu'arsa, har da kabarinsa. A wurin ɗan Izala kuwa an rufe ƙofar saukar da ibada tun ranar da Annabi ya yi wafati. Duk wanda ya zo da wani zikiri mai adadi da lokaci, komai tsarkinsa, za a tambaye shi aya ko hadisi ingantacce, idan babu a ajiye. Malami mai nuna hanya ne zuwa ga nassi, kuma almajiri yana da ikon ce masa ina hujja.

Daga wannan tushe sauran rassan suka fito. Tawassuli da waliyyai, wanda Batijjane ke gani kamar talaka ne ya nemi bafade ya shigar da shi wurin sarki, ɗan Izala yana ganin sa a matsayin ƙofar shirka, yana cewa wannan Sarki ba ya bukatar bafade. Mauludi a wurin ɗaya godiya ce da nuna ƙauna, a wurin ɗayan kuwa idi ne na uku da sahabbai ba su sani ba. Mafi zafi duka ita ce maganar Salatul Fatihi. Abin da littafin Jawahirul Ma'ani ya ruwaito game da falalarta, masu suka sun karanta shi a matsayin fifita ta a kan Alƙur'ani, malaman ɗariƙa kuma suka amsa cewa magana ce a kan ladan mai karatu gwargwadon halinsa, ba a kan darajar zancen Allah ba, wanda babu abin da ya kai shi. An kwashe shekaru ana wannan muhawara a kan mumbari da kaset, musamman bayan da Shehu Ɗahiru Usman Bauci ya fara nasa tafsirin a rediyon Kaduna a farkon shekarun 1980, har ya zama a watan azumi mai sauraro yana jin suka da raddi daga akwati ɗaya.

Abin mamaki, kowannensu yana jingina da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ƴan Izala suna nuna littafinsa Ihya'us Sunna wa Ikhmadul Bidi'a, suna cewa ko sunan ƙungiyarsu amsa-amon wannan take ne. Ƴan ɗariƙa suna tunatar da su cewa marubucin littafin Baƙadire ne mai wuridi, wanda ya yi wa Shehu Abdulƙadir Jilani waƙoƙin bege. Duka biyun gaskiya suka faɗa. Abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne a ƙasar Katsinan Maraɗi ake wannan rige-rigen gadon Shehu, wurin jikokin mutanen da suka yi ƙarni guda suna yaƙar tutarsa.

Amma manomin Kona bai fara sanin saɓanin daga littafi ba. A tsakar gida ya gan shi. Izala ta ce a rage kashe dukiya wajen aure da suna, a bar sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, a daina biyan kuɗin laya da rubutun sha, a sallami maroƙa da makaɗa. Ga saurayin da ke neman aure bayan shekarar fari, ko bayan karyewar darajar kuɗin sefa a watan Janairun 1994, wannan magana sauƙi ce daga sama. Ga attajiri kuma hanya ce ta kuɓuta daga hidimar da ba ta ƙarewa, ya juya dukiyarsa ga gina masallaci da makaranta. Sai dai abin da aka kira almubazzaranci shi ne kuma zaren da ya ɗinke gari. Bikin da mace ke kai wa ƙawarta ran suna ajiya ce da za a mayar mata ninki ran nata. Sadakar arba'in ita ce ranar da dangi na nesa ke haɗuwa a raba gado a sasanta rigima. Goron da ake rabawa da ɗan abin da ake miƙa wa malami su ne albashin mutumin da ba ya cikin lissafin gwamnati. Da aka taɓa waɗannan, tsofaffi ba su ji ana gyara aƙida ba, sun ji ana yanke zumunci. Babu kuma abin da ya ƙona musu rai kamar ganin yaro ya tsaya ƙiƙam ya miƙa wa mahaifinsa hannu, ya ƙi tsugunawa, wai durƙuso na Allah ne shi kaɗai.

Wannan al'amari na gaisuwa yana da ɗan'uwa a tarihin wasu mutane na nesa. A Ingila ta ƙarni na 17 an yi wata jama'ar Kirista da ake kira ƴan Kweka, mabiyan George Fox, waɗanda suka ƙi cire hula don girmama alƙali ko basarake, suka ƙi ado da bukukuwa masu tsada, aka ɗaure su da yawa a kan haka, daga baya kuma suka shahara da kasuwanci. Gidan Cadbury mai Bournvita daga cikinsu ya fito. A ɗabi'a sun yi kama da ƴan Izala. Amma a ibada zama suke yi shiru suna jiran hasken Allah ya bayyana a zuci, abin da Basufe zai gane nan take. A gefensu akwai ƴan Yunitariya, waɗanda suka buɗe ɗakin ibadarsu na farko a Landan a 1774, suka ƙi aƙidar Allah uku cikin ɗaya, suka ce duk abin da ba a samu a nassi ba kuma hankali bai karɓa ba ƙari ne na mutane. Kamannin bai wuce nan ba, don ƴan Kweka ba su da shehi, ƴan Yunitariya kuma daga baya sun yi nisa da nassin kansa. Amma ya isa ya nuna cewa gardamar zuci da hujja ba a ƙasar Hausa aka fara ta ba.

Maganar mata ta fi wuyar yanke hukunci. Izala ta tsananta hijabi, ta rage wa mata fita biki, amma ita ce kuma ta buɗe wa matan aure makarantun Islamiyya na yamma da na dare, har a gidajen da kulle ya hana mace leƙa ƙofa. Mata da yawa a nan suka fara karanta Alƙur'ani da fassara, suka san haƙƙinsu na gado da na ciyarwa. Ɗariƙa ba ta zauna ba. Sayyida Ummul Khairi, ɗiyar Shehu Inyas da ake kira Maman Kiyota, ta kafa makarantu da ƙungiyar mata mai rassa a faɗin ƙasa. Kowane ɓangare kuma yana ambaton Nana Asma'u da ƴan tarunta a matsayin madogara.

Shekarun farko sun yi zafi. An kafirta juna a bainar jama'a, an raba masallatan Juma'a, an fasa aure. Amma gaba mai tsawo takan sa abokan gaba su yi kama da juna. Ƴan ɗariƙa suka buɗe Islamiyyoyi masu aji da benci da allon bango, suka kafa ƴan agaji masu kaki, suka shiga kaset da rediyo, daga baya wayar salula, suka koyi kawo lambar hadisi kafin a tambaye su. Izala kuma, wadda ta taso da cewa babu wani tsakanin bawa da nassi, ta wayi gari da nata manyan shehunan da ake yi wa rakiya da jerin motoci, ana jin maganarsu ba musu. Ta kuma ɗanɗani rabuwar kai: a farkon shekarun 1990 ta dare gida biyu, ɓangaren Jos da na Kaduna, kuma hukuncin ƴan ɗariƙa, ko Musulmi ne masu kuskure ko sun fita, yana cikin abin da ya raba su. An yi sulhu a 2011, ko da yake ɓarakar ba ta ɗinke duka ba. Ƙabalun da aka zubar da jini a kansa a shekarun 1950 kuwa, yau Batijjanen faila da ɗan Izala duka suna yin sa, har baƙo ba zai iya bambanta su a sahu ba sai an sallame.

Wanda ya fi jin jiki a wannan tarihi shi ne malamin zaure. Faila ta janye masa samari zuwa zawiya, Izala ta rage masa sadaka ta kuma kira layarsa shirka, lakwal ta gwamnati ta ɗauki yaran da safe. Amma bai gushe ba. A Kona da ƙauyukan da ke kewaye da ita har yanzu ana hura wutar kara da asuba, yara na zagaye da ita da allunansu, kuma da yawa daga cikin masu jan wazifa da masu riƙe lasifika a gabansa suka fara koyon baƙi da wasali.